Peugeot 107 mai ƙofa uku: ƙira ce da gangan ko rowar kamfani?

Uban Tagwaye:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar masana mota na wannan zaure. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 nake tunanin rabuwa da babbar motata, domin man da take sha a mako tsakanin gida da wurin aiki ya fara taɓa kuɗin cefane. Jiya na je wajen wani dillali, na tarar da Peugeot 107 ƙirar 2009, 'yar Beljiyam, jikinta lafiya lau. Abin da ya fara ɗaure mini kai shi ne takardarta ta ce ƙofa uku gare ta, ni kuwa na zagaya ta sau biyu ban ƙirga fiye da biyu ba. Da na shiga ciki sai na ga waifa ɗaya ce tal a gilashin gaba, ma'ajiyar da ke gaban fasinja ba ta da murfi, ƙarfen ƙofa yana fili da fentinsa ta ciki, kuma a ƙofar direba madannin gilashi ɗaya ne, wato sai na miƙa hannu can ɗaya gefen kafin in sauke gilashin fasinja. Shin haka aka ƙera ta, ko kuwa an kwashe kayanta ne a hanya? Sannan ta dace da mai iyali irina? Mu huɗu ne: ni da uwargida da tagwaye 'yan shekara 6.

Makanikin Panteka:
Wa alaikumus salam, Malam. Ka kwantar da hankalinka, babu abin da aka sace a jikinta, yadda ka gan ta haka ta fito daga masana'anta. Ƙofa ta uku da kake nema ita ce murfin baya. Turawa suna lissafa shi cikin ƙofofi ne saboda yana buɗewa sama tare da gilashinsa, kuma idan ka ɗaga shi cikin motar kai tsaye kake kallo, babu bangon da ya raba but da wurin zaman mutane kamar yadda yake a 504 ko 406. Shi ya sa wadda mu muke kira mai ƙofa biyu su ƙofa uku suke rubutawa, mai ƙofa huɗu kuma su ce biyar. Idan ka koma ka ƙwanƙwasa murfin bayan nan da yatsa: gilashi ne zalla daga sama har ƙasa, babu firam ɗin ƙarfe, kuma sanda ɗaya ce take riƙe shi idan an ɗaga.

Mazaunin Jamus:
Oga Makaniki ya faɗi gaskiya, ni dai zan ƙara bayanin dalili, domin sai an san wa aka ƙera wa motar sannan za a yi mata adalci. Kamfanin Toyota da rukunin PSA, wanda ya mallaki Peugeot da Citroën a lokacin, su ne suka haɗa jari suka gina masana'anta ɗaya a garin Kolin na Jamhuriyar Cek, aka fara fitar da motoci a 2005. Mota ɗaya ce aka yi wa riguna uku: Peugeot 107 da Citroën C1 da Toyota Aygo. Inji da giya da shimfiɗar ƙasa da dashbod duk ɗaya ne, galibi fuska da fitilu da tambari da wasu sassan bodi ne suka bambanta.

Matsalar ƙaramar mota a wajen kamfani ita ce ribarta 'yar kaɗan ce, alhali ita ma sai an saka mata birki da jakar iska da duk abin da dokar Turai ta wajabta, daidai da babbar mota. Saboda haka injiniyoyin suka bi ta gaɓa-gaɓa suna cire duk abin da mota za ta iya tafiya ba tare da shi ba. Waifa ɗaya tana nufin ƙarfe ɗaya da roba ɗaya. Murfin gilashi ya raba su da buga kwano da walda da fenti. Matashin kai a kujerun gaba haɗe yake da kujerar, ba a zare shi. Agogon gudu yana ɗaure ne a kan sandar sitiyari, shi kuwa agogon da ke nuna juyawar inji wani ɗan ƙoƙo ne da ake maƙalawa a gefe ga wanda ya biya ƙarin kuɗi. Sakamakon wannan tsantseni shi ne mota mai tsawon kimanin mita 3.43, faɗin mita 1.63, nauyi kuma wajen kilo 800. Don a kwatanta, Peugeot 206 da muka saba gani a gida ta kai kusan mita 3.8, Golf 3 kuma ta ɗan haura mita 4. An ture tayoyin huɗu zuwa kusurwoyi, tazarar da ke tsakanin na gaba da na baya ta kai mita 2.34, domin ɗan filin da ake da shi ya tafi ga mutane. Wannan dabara tsohuwa ce: Alec Issigonis ya yi ta a Mini ta 1959, inda ya gicciye inji a gaba yana jan tayoyin gaba, bayan ƙarancin man da rikicin Suwez na 1956 ya jawo wa Birtaniya. Kusan duk ƙaramar motar da ta biyo baya a kan wannan tsari take.

A nan inda nake, masu sayen irinta su ne ɗalibai da sababbin direbobi da tsofaffi da ma'aikatan jinya masu zagaya gidajen marasa lafiya. Mafi yawan lokaci mutum ɗaya ne a ciki, kujerar baya kuma jaka ce take zama a kanta.

Tsohon Direba:
To, ɗana, ai ka yanke hukuncin da bakinka. Ka ce jaka ce take zama a baya. Mu a nan wace mota ce take fita daga gida da mutum ɗaya har ta dawo da mutum ɗaya? Kafin ka kai bakin titi maƙwabci ya ɗaga maka hannu, ranar Juma'a dattawan layi suna jiranka, ranar suna ko biki kuwa ba a magana. Na yi shekaru ina jan 504 ta Kaduna, kuma abin da ya sa mutanenmu suka riƙe ta shi ne kowa yana shiga da mutuncinsa ta ƙofarsa. Yanzu ku dubi wannan: za ka ɗauki surukinka da babbar riga da hula, sai ka fito, ka kwantar da kujera, ka ce masa ya sunkuya ya kutsa baya kamar mai shiga akurki. Ko kuma ka ba shi gaba, uwargida ta fita ta koma baya a gaban jama'a. Ba na musun cewa tana da sauƙin mai, amma araha ba ta ado. Malam Uban Tagwaye, ka ƙara kuɗi kaɗan ka nemi mai ƙofa huɗu.

Malamar Kwaleji:
Baba, Allah ya ƙara girma, maganarka tana kan hanya, sai dai ina neman izini in kawo ɗaya gefen, domin shekara uku ke nan ina tuƙa ƙaramar mota mai ƙofa uku. Tawa ba 107 ba ce, amma a wannan fanni halinsu ɗaya.

Abin da ba a faɗa wa mai saye shi ne ƙofofin nan biyu sun fi na mota mai ƙofa huɗu tsawo sosai, domin dole a bar hanyar da na baya zai bi. Wannan yana da daɗi da rashin daɗi. Daɗinsa shi ne shiga gaba yana da yalwa, mace mai zani ko doguwar riga tana zama ba tare da ta tattare kayanta ba, kuma ginshiƙin tsakiya ya ja baya, don haka idan na waiga a mahaɗar hanya babu abin da yake tare mini gani. Rashin daɗinsa kuwa yana bayyana a wurin ajiye motoci. Motar da ta shige ɗan lungun da babbar mota ba za ta shiga ba, ita ce kuma ƙofarta take buƙatar fili mai yawa kafin ta buɗu. Akwai ranar da na yi fakin a bakin kasuwa tsakanin adaidaita-sahu da bango, ina murna na sami wuri, sai na ga ƙofar ba za ta buɗu fiye da taƙi ɗaya ba, dole na sake fitowa da ribas. Haka kuma bel ɗin kujera yana can baya tare da ginshiƙin, sai an murɗa kafaɗa kafin a kamo shi.

Game da yara kuwa, ni a wurina wannan ƙira kwanciyar hankali ce. Yaron da ke baya ba shi da hannun ƙofar da zai ja ana cikin tafiya, ba shi da gilashin da zai sauke ya leƙo da kai, kuma idan na tsaya a ƙofar makaranta babu mai dirowa cikin titi kafin in fito. 'Yan shekara 6 tsalle ɗaya suke yi sun shige. Wahalar tana ga mai jariri, domin ɗaure kujerar jariri a baya ta ƙofar gaba aiki ne da yake cin baya. Ita kuwa surukata, tun ranar farko gaba na ba ta, kuma ba ta taɓa ƙorafi ba.

Tsohon Direba:
'Yata, kin yi bayani mai kyau, amma gilashin da kika ce yaro ba zai sauke ba, shi ne kuma ba zai sauke ba a watan Afrilu da rana tsaka. Yaran nan ta ina za su sha iska?

Makanikin Panteka:
Wannan tambaya ta Baba ita ce ta fi kowace muhimmanci a wajena. A wannan mota gilashin baya ba ya sauka, ko a mai ƙofa uku ko a mai biyar. A mai biyar ɗin ma ɗan turawa waje ake yi ta gefe guda, ya buɗe kamar faɗin yatsu uku. Sannan ba kowace ce ta zo da na'urar sanyaya iska ba, domin a ƙananan samfura sai wanda ya biya ake saka wa, kuma mutumin da ke ƙasar sanyi ba lallai ya biya ba. Malam, ka duba madannin da idonka, ka tayar da inji, ka kunna, ka ji kwamfaresa ta kama, ka jira iska ta yi sanyi. Idan babu ita, ni ban ba ka shawarar saka yara a baya ba.

Bari in yi maganar inji, tunda nan ne sana'ata. Mai fetur ɗin injin Toyota ne da ake kira 1KR-FE, silinda uku, cc 998, ƙarfin doki 68. Idan ka tayar da shi za ka ji yana ɗan karkarwa da wata ƙara kamar gurnani, kada wani ya ce maka fulogi ne ya mutu, haka injin silinda uku yake. Sarƙa ce take haɗa tayimin ɗinsa, ba bel ba, saboda haka babu zancen canjin bel kamar na 206, amma sarƙar tana son baƙin mai mai kyau a kan lokaci. Irin wannan inji yana cikin wasu Yaris, abin da ya sa kayansa ba sa gagara idan an san sunan da za a tambaya. Kayan bodi ne suke da wuya: fitila da bamba da madubi, musamman gilashin bayan nan. Idan ya fashe ba ka da murfin but ke nan gaba ɗaya har sai an samo wani. Akwai kuma mai dizal, 1.4 HDi, amma ba ita nake nufi ba.

Abu biyu zan ja kunnenka a kai. Na farko, babu allurar da ke nuna zafin inji a dashbod, fitilar gargaɗi ce kawai, wadda ba ta kamawa sai zafi ya riga ya yi yawa. A yanayinmu wannan yana nufin duba ruwan lagireto da fanka ya zama al'ada. Na biyu, wadda ake ce wa otomatik a cikinsu, mai suna 2-Tronic, giyar hannu ce da kuloci, sai dai kwamfuta da ƙananan injuna na lantarki ne suke taka kulocin su canza giyar a madadinka. Tana ɗan dakatawa a kowane canji, kuma gyaranta yana buƙatar mai na'urar karanta kwamfuta. Mai giyar hannu biyar ta fi sauƙin sha'ani a kowane gareji.

Uban Tagwaye:
Na gode ƙwarai, Oga. Mai giyar hannu ce. Amma shan man nata fa, gaskiya ne abin da dillalin ya ce, wai sai ka manta yaushe ka shiga gidan mai?

Mazaunin Jamus:
Dillali dai dillali ne. Tankinta lita 35 ne, kuma a gwajin hukuma na wancan lokaci an rubuta mata kimanin lita 4.6 a kilomita 100. Wannan gwaji a ɗaki ake yin sa, babu na'urar sanyi a kunne, babu cunkoson Kano, babu mutum huɗu a ciki, don haka ka sa ran abin da ya fi haka. Duk da haka za ka ga bambanci mai yawa da babbar mota, kuma sirrin yana ga rashin nauyi fiye da kowace fasaha. Shi ya sa ma lodi yake saurin nunawa a jikinta: manya huɗu sun kusa kashi ɗaya cikin uku na nauyin motar kanta. Abin da aka yarda ta ɗauka, mutane da kaya a haɗe, bai kai kilo 400 ba, kuma bel huɗu ne a cikinta, domin ta mutum huɗu ce, ba biyar ba.

Ɗan Yamai:
Salamu alaikum. Ina bin muhawarar nan da sha'awa, domin mu a Yamai mun daɗe da sanin ƙananan motoci masu murfin baya. Toyota Starlet ta yi shekaru tana aikin tasi a garinmu, kamar yadda na ji Nissan Micra take yi a Ibadan. Wannan ya nuna cewa ƙanƙantar mota ba ta hana ta jure rana da yashi da lodi. Sai dai ku lura, mai neman motar tasi mai ƙofa biyar yake nema, domin ba zai yiwu fasinjan gaba ya riƙa fita a kowace tsayawa ba. Wannan yana da tasiri a ranar sayarwa: mai ƙofa uku ta rasa kasuwar 'yan haya, masu sayenta kaɗan ne, kuma farashinta yakan kwanta. Ga mai saye yau wannan riba ce, ga mai sayarwa gobe kuma asara ce. Malam ya yi amfani da wannan wajen ciniki, kada ya bari a yi masa kuɗin mai ƙofa biyar.

Tsohon Direba:
Akwai abin da har yanzu ba ku taɓa ba. Mota mai kilo 800 a hanyar Kano zuwa Zariya, tsakanin tireloli da tankoki. Idan ƙaddara ta faɗa, Allah ya kiyaye, ta ina za a fito da na baya?

Mazaunin Jamus:
Amin, Baba, kuma ba zan rufe gaskiya ba. Hukumar gwajin haɗari ta Turai, Euro NCAP, ta ba wannan ƙira taurari huɗu cikin biyar a 2005, wanda sakamako ne mai kyau ga mota irin girmanta a lokacin. Da aka sake gwada ta a 2012 da ma'auni mai tsauri sai ta sami uku. Motar ba ta lalace ba, ma'aunin ne ya ci gaba ya bar ta. Tana da jakar iska biyu a gaba da birkin ABS, mai hana tayoyi kullewa idan an taka birki da ƙarfi. Amma gwajin karon gaba na wancan lokaci yana kwaikwayon haɗuwa da mota mai nauyi irin nata ne, idan kuwa ta haɗu da wadda ta ninka ta, ƙaramar ce take ɗaukar mafi yawan bugun, kuma babu tauraron da zai canza wannan. Wasu suna cewa mai ƙofa uku ta fi ƙarfin jiki saboda ramukan da aka yanka a gefenta kaɗan ne. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki ta fuskar ƙira, amma ni ba zan sayi mota a kan wannan hujja ba. Maganar fito da na baya kuwa, Baba ya fi ni gaskiya: hanyarsu ɗaya ce da ta na gaba. Motar gari ce, a gari ya kamata ta yi yawancin rayuwarta.

Kasuwar Turai ma ta karkata zuwa ra'ayin Baba. Renault ta fitar da Clio ta 2012 da ƙofa biyar kaɗai, ta ɓoye hannun ƙofar baya a jikin ginshiƙi don ta riƙa kama da mai uku. Volkswagen ta daina mai uku a Polo ta 2017 da Golf ta 2019, Peugeot 208 ta 2019 ma haka. Buga bodi iri biyu yana cin kuɗi, masu sayen mai uku kuma suna ta raguwa. Ita 107 an maye gurbinta da 108 a 2014, daga baya Toyota ta karɓi masana'antar Kolin gaba ɗaya a 2021, kuma Aygo X da ta fito a 2022 ƙofa biyar ce kawai. Waɗanda suka rage da ƙofa uku, irin su Fiat 500 da Mini da GR Yaris, don ado ko tsere ake sayensu, ba don araha ba.

Malamar Kwaleji:
Ina so in ƙara abu ɗaya game da but, domin uwargida ce za ta fi jin sa. Lita 139 ne a 107, wato ledojin cefane da jakunkunan makarantar yara sun cika shi. Kuma tunda murfin gilashi ne, bakin but ɗin yana da tsawo, sai an ɗaga kaya sama sannan a zura su ƙasa. Buhun shinkafa sai an kwantar da kujerar baya, ranar kuwa yara suna gida. Idan ta zo da kujerar baya mai rabuwa biyu, ana iya kwantar da rabi yaro ɗaya ya zauna a ɗaya rabin, amma masu tagwaye ba su da wannan sauƙi.

Makanikin Panteka:
Malama ta tuna mini. Idan ka buɗe but ɗin, ka ɗaga shimfiɗar ƙasa ka ciro safaya, ka shafa ramin da hannu. Motar da ta yi shekaru a ƙasar ruwan sama da gishirin hanya, a nan da ƙarƙashinta ake gane ta: danshi ko tsatsa ko warin ruma. Ka kama ƙarshen kowace ƙofa a buɗe ka ɗan ɗaga ta sama, idan tana motsi to hinji ya ci, domin doguwar ƙofa tana da nauyi kuma ita kaɗai take aikin ƙofa biyu. Ka gwada hannun kwantar da kujera a ɓangarorin biyu sau da yawa. Tayarta 155/65 R14 ce, siririya, kada mai faci ya ruɗe ka ka saka mai faɗi don kyau, man da kake gudu shi za ka ƙara. Sannan ka tabbata sitiyarinta a hagu aka ƙera shi tun asali, domin an sayar da su da yawa a Ingila, kuma akwai masu juya na dama su mayar hagu.

Uban Tagwaye:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Yau da yamma na koma da iyalin gaba ɗaya, na ce gani ya kori ji. Tagwaye sun shige baya kafin in gama kwantar da kujera, har suna faɗa a kan wanda zai zauna bayan direba. Na zauna a baya ni ma don in gwada: kaina bai taɓa rufi ba, amma gwiwoyina sun tokare kujerar gaba, fitowa kuma sai da na dafa ginshiƙi na fito da ƙafa ɗaya tukuna, hulata ta faɗi. Na tuna da Baba Direba na yi dariya. Na'urar sanyi tana aiki, ramin safaya a bushe yake, ƙofar direba ce kawai take ɗan motsi idan an ɗaga. Uwargida ta buɗe but ta dube shi, ta dube ni, ta tambayi inda za a saka kular abinci ranar da za mu je gaida Hajiya. Dillalin ya ce akwai C1 mai ƙofa biyar da zai kawo ranar Asabar, sai dai ta fi wannan tsada. Oga Makaniki, gyaran hinjin nan nawa zai ci, kuma canza fil ɗin kawai ake yi ko sai an sayi hinjin gaba ɗaya?

Makanikin Panteka:
Sai an kwance an gani, Malam. Idan fil ne kawai ya ci, aikin awa ɗaya ne, idan kuwa ramin hinjin ya buɗe sai a nemo na kwance. Kada ka ba da kafin alƙalami kafin Asabar. Ka ajiye su biyun gefe da gefe, ka auna da igiya za ka ga tsawonsu kusan ɗaya ne, wurin ƙafa a baya ma ɗaya ne, ƙofofi kawai za ka biya wa ƙarin kuɗin. Ka zo da tagwayen da kular abincin.